Kafin ka sayi madubin hangen nesa don yaranka su kalli tsuntsaye

Iyaye da malaman nazire, in kuna son yara 'yan shekara 3 zuwa 5 su san tsuntsayen garinsu, gaskiya ku dakata da zancen madubin hangen nesa tukuna.

Irin babban nan mai lamba 10x50 a jikinsa da ake gani a shagunan Kano na manya ne, yana da nauyi, hannun yaro rawa zai yi hoton ya dinga tsalle, ga shi idanunsa kusa da juna suke, ba lallai madubin ya matsu ya yi mai daidai ba. In dai dole sai an saya to a nemi ƙarami 8x21 mai igiyar wuya, kuma babba na tsaye kar yaron ya ɗaga shi ya kalli rana, makanta ce wannan. Na roba irin na wasan sallah kam ba ya nuna komai sai hazo.

Waya fa? Akwai Merlin, manhajar jami'ar Cornell ta Amurka, kyauta ce, ka ɗau hoton tsuntsu ta kawo sunansa, amma da turanci zaka gani kuma yaro wayar zai kalla ba bishiyar ba. Ta baban ce wannan.

Ni abin da zan ce a fara saya kasko ne, na ƙasa, mara zurfi, ranar kasuwa wajen masu tukwane. A zuba ruwa a ajiye a inuwar darbejiya nesa da kyanwa, a watsa ɗan tsaki ko gero, musamman watan Maris da Afrilu da zafi ya sa tafkuna sun ƙafe, zaka ga kurciya da hasbiya da ƙananan nan suna sauka, yara na kan tabarma suna ƙirgawa, kaka na faɗa musu sunaye. A dinga sauya ruwan kullum saboda sauro. Sai littafin zane da kala, yau a zana balbela bayan shanu, in damina ta matso a fara duban shamuwa.

Keji da danƙo don Allah a bar su a kasuwa.

Kuɗin da ya ragu a tara na mota, da hunturu a kai su Baturiya, matattarar tsuntsayen nan ta Kiri Kasamma a jihar Jigawa, lokacin tsuntsayen Turai sun sauka a fadamar Haɗeja, a can ne ƙaramin madubin zai yi rana.