Na cire kontak na sa na lantarki a Fijo 504 ɗina, ga abin da na gani

Duk wanda ya ce zai tada tsohuwar Peugeot 504 sai ya sha shawara kala-kala, wani ya ce a fidda injin gaba ɗaya a ɗora na Toyota, wani ya ce fenti da kujeru tukuna. Ni dai abu ɗaya na yarda na canza wanda ba na asali ba, wato 'yar na'urar nan ta lantarki da ake sawa cikin distiributa, mai raba wa fulogogi wuta, a madadin kontak da kwandensa masu yanke wuta da haɗa ta don fulogi ya yi tartsatsi, kuma a kanta zan yi magana don mutane da yawa na tambayata.

Motar tawa salun ce haɗin Kaduna, irin wadda kamfanin Fijo na Najeriya (PAN) da ke Kakuri ya fara haɗawa tun 1975, injin lita 2 mai kafireto. Tsarin da na bi shi ne tsatsa da birki da lagireto tukuna, sannan wuta da mai, fenti can ƙarshe. Da aka zo kan wuta ne matsalar ta fito, don kontak ɗin da ke kasuwa yanzu wallahi ba irin na da ba ne, ɗan robarsa da ke gogar shaf, wato sandar da ke juyawa a tsakiyar distiributa, nan da nan yake cinyewa, yana cinyewa gibin milimita 0.4 ɗin da aka saita a bakin kontak ya matse, tayimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, ya gudu, mota ta fara tari tana jijjiga a silo, da safe lokacin hunturu kuwa sai ka ja cok ka yi ta murza ki har batir ya fara kuka.

Na'urar ba wani abu mai girma ba ce. Zobe ne mai maganaɗisu da ake zurawa a shaf ƙarƙashin rota, sai ɗan akwatin da ke zama daidai inda kontak yake, da waya biyu ja da baƙa da ke tafiya kan kwayil. Babu abin da ke gogar wani, shi ya sa babu abin da zai cinye. In aka mayar da murfin distiributa ko wanda ya san mota ba zai gane an taɓa komai ba, kuma wannan ne ya fi burge ni don ba na son a buɗe bonet a ga wayoyi barkatai a motar da ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969.

Bakanike na dattijo ne tun zamanin 404 yake aikin Fijo, da na kawo masa sai da ya juya ta a hannu ya ce "Ɗana, kontak in ya mutu a daji da ɗan sanfefa zan tada maka shi, wannan fa?" Na ce Baba a gwada dai, tsohon ma a naɗe min shi a leda in ajiye a but. Haka aka yi, ya ɗaura, ya sa fitilar tayimin ya sake saiti, don dole ne a sake saiti ba wai a ɗaura kawai a tayar ba.

Gaskiya bambancin a fili yake. Murzawa ɗaya take tashi ko da sanyi, silo ya kwanta luf sitiyari ya daina rawa, kuma tun da aka saita ba a sake buɗe distiributa ba. Hanyar Kaduna zuwa Zariya in na sa giya 4 ba ta yanke wuta kamar da. Batun mai kuwa kar wani ya ruɗe ku, ta ɗan rage sha amma kaɗan ne, 504 ce dai har yanzu, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 duk mai irin motar nan ya san abin da yake ji a gidan mai. Ƙarfin inji ma bai ƙaru ba, abin da yake da shi ne ya dawo daidai.

Inda ban ji daɗi ba takardar da ta zo a kwalin ce, bayani guntu ƙwarai, ba su ma faɗi da kyau ba cewa kwayil ɗin sai mai om 3 ko kusa da haka (om ma'auni ne na yadda yake tare wuta), in ka haɗa da wanda bai kai hakan ba, to zai iya ƙona ta. Wayoyin ma gajeru ne sai da mai wayarin mota ya ƙara. Sannan ba a barin makulli a kunne inji a kashe na tsawon lokaci, zafi take ɗauka. Ga tsada saboda dala, kuma ban same ta a Panteka ba, oda na yi daga waje na zauna jira.

Kafin ku saya dan Allah ku duba lambar da ke jikin distiributa ɗinku, don 504 wata ta kamfanin Ducellier ce a ciki wata ta Bosch, kuma na wannan ba ya shiga waccan. Ku kama shaf ɗin ku girgiza, in yana lilo ko bakum ɗin, wato ɗan gwangwanin da ke gefen distiributa mai matsar da tayimin, ya fashe to a gyara wannan tukuna, na'urar ba za ta rufe muku wannan ɓarnar ba. Wanda motarsa ke fita kullum ko yake doguwar tafiya ina ba shi shawara ya sa. Wanda kuma sai Juma'a ko ranar biki yake fito da ita, ya samu kontak mai kyau ya kai kuɗin kan birki da shokazoba, sun fi buƙata.