Sharhi kan digirin farko a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa da jarabar shaye-shaye

Wannan karatu na shekara uku da nake yi a wata jami'a a Ingila ya cancanci kuɗinsa, musamman darasin da ke bayyana yadda ƙwayoyi irin su tramadol da kodin ke sauya aikin sinadarin dopamine, wanda ke da alaƙa da jin daɗi, a ƙwaƙwalwa, har mutum ya kasa dainawa ko da ya yi niyya. A ɗakin gwaji an damƙa mana maganin naloxone, aka koya mana yadda ake farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne masa numfashi. Sai dai lokacin horo a asibiti ya yi kaɗan, abin da ke damuna ƙwarai. Takardar shaidar kuma ba ta ba da izinin rubuta magani, don haka mai burin zama likitan ƙwaƙwalwa sai ya nemi karatun likitanci.