Sayen nama a Afirka ta Kudu: sai ka san sunan dabbar

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Mai shirin zuwa nan ya sani cewa mahauta ba irin tamu ba ce da za ka ga rago a rataye ka nuna cinya. Nama a yanke yake cikin leda, kilo-kilo, kuma a ƙananan garuruwa da gonaki da yaren Afirkans ake kiran dabba.

Yaren ya samo asali ne daga Turawan Holan da suka sauka Kef a 1652. Da suka ga namun dajin da ba su sani ba, sai suka laƙa musu sunayen dabbobin gidansu. Shi ya sa bok ke rikita baƙo: asalinsa akuya ne, amma springbok da gemsbok dangin barewa ne. Akuyar gaske ita ce boerbok, fara mai jan kai, bunsurunta kan haura kilo 100. Skaap tunkiya, bees saniya. Koedoe kuwa, wata babbar barewa mai murɗaɗɗen ƙaho, daga bakin 'yan ƙasa suka ari sunanta.

Wadda za ka haddace tun kafin jirgi ya sauka ita ce vark, alade. Vlakvark gadu ne, aladen dawa sosai, kuma ana sayar da namansa. Erdvark dabgi ne, ystervark beguwa, su sunan kawai suka ɗauka. Spek kitsen alade ne, a nan mutanenmu suka fi faɗawa. Naman daji ba shi da maiƙo, don haka masu tsiran hanji sukan haɗa shi da spek, a jikin leda kuma ka ga an rubuta koedoe da manyan baƙaƙe. Haka boerewors, sanannen tsiran hanjinsu: doka ta ce kashi 90 cikin 100 nama ne, kitse kada ya wuce 30, amma ta yarda a sa alade, hanjin da ake ɗurawa ma yawanci nasa ne. Nemi hatimin SANHA ko MJC, masu tantance halal, ko ka nufi mahautan Musulmi a Fordsburg da Mayfair cikin Johannesbag.

Sun fi mu tsari wajen shekarun dabba. A jikin naman ake buga hatimi: ruwan malmo, A, ƙaramar dabba ce; ja, C, tsohuwa. C ya fi araha, kuma a ganina ya fi daɗin miya in ya daɗe a wuta.

Biltong, busasshen namansu, ba ya kama ƙafar kilishi wajen yaji. Da kauri ake yanka shi, a jiƙa da ruwan khal, gishiri da kusbara, a rataye a inuwa kwana 4 zuwa 7, babu labu, babu gashi. Cikinsa da danshi, saboda haka in ka ƙulle shi a leda zai yi funfuna. A jakar takarda ake ajiye shi.