Tayoyin girandar bel da na bayar a zuba min, ga yadda muka kwashe

Masu tambayata ko za a iya ba masu zubin tukunya aikin tayoyin girandar bel, to ga amsa, ana iyawa, amma wallahi sai ka tsaya a kansu da idonka har a zuba.

Giranda ce irin mai cin bel ɗin samfefa mai faɗin inci 2 da tsawon inci 72 wadda masu ƙera wuƙa ke amfani da ita. Firam ɗin ni na yi waldarsa da kaina, moto mai doki 2 na samu na hannu yana juyi 2800 a minti, tayoyin ne kawai suka tsaya min don kun dai san kuɗin na waje da yadda dala take. Shi ne na sassaƙa samfurinsu da katako guda huɗu, babbar ta jikin moto mai inci 4, ta saiti, da ƙanana biyu na gaba, na ƙara musu kauri don alminiyam yana ɗan tsukewa in ya huce kuma tana, wato mai injin da ke juya ƙarfe yana yanka shi, shi ma zai ci nasa, na kai wa wani dattijo mai zubin tukwane a bayan unguwarmu.

Kuma ba haka kawai na je ba, buhu guda na tsofaffin fistin mota na kai masa, na ce Baba don Allah da wannan kaɗai za a zuba, kar a haɗa da komai. Fistin dama can zuba shi aka yi, akwai silikon a cikinsa, shi ya sa in ya narke yake bin ƙasa ya cika ko ina kuma yana yankuwa da kyau a inji. Ya ce ɗana kar ka damu, tun kafin a haife ka nake wannan aikin.

Da na karɓo a ido ba laifi, sumul, har na ƙara wa yaransa na shayi. Babbar tayar kam masha Allah, tana ya ɗora ta a inji yana yanka tana fitar da ɓarɓashi ƙanana tana ƙyalli, ko rami ɗaya babu, shi kansa sai da ya tambaye ni wa ya zuba. A lokacin har na fara tura wa abokai hoto ina cewa ku daina ɓata kuɗinku a kan na waje.

Sai aka zo kan tayar saiti, wadda ita ce ran injin gaba ɗaya don ita ke da ɗan tudu a tsakiya da ke riƙe bel kar ya zame gefe. Wuƙar inji na cin fatar sama sai ga ramuka sun fito rututu kamar cikin burodi, ƙarfen ma wani irin danƙo yake yana manne wa wuƙar. Tana ya kashe inji ya ce oga wannan ba fistin ba ne, an haɗa da gwangwanin lemo da tarkacen tukunya. Muka ce bari mu gani ko iya sama ne, aka shiga huda gurbin boris 6202, nan ne abin ya ƙona min rai, wani ƙaton kogo a gefe guda daidai inda boris zai zauna, ka sa ɗan yatsa ya shige. Duk da haka na haɗa na gwada don in ga ƙarshen abin. Ina kunnawa injin ya kama rawa yana tafiya a kan benci, sifanar da na ajiye a gefe ta faɗo ƙasa, bel sabo fil mai lamba 36, irin mai kaushin nan, ya zame ya daki firam bakinsa ya tsage. Gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, a wannan gudun kuwa bel yana cin kusan mita 15 a daƙiƙa, ba wasa ba ne, abin da zai iya cire wa mutum ido ne.

Na koma na nuna masa, budar bakinsa sai ya ce ai tukunya ma tana rami a toshe kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ita. Na ce Baba tukunya ba ta juyi dubu a minti ai. Ashe fistin ne bai isa ba suka cike da abin da ke gabansu, ga ƙasar zubin da laima, kuma bai bar wa tayar kan da zai riƙa ciyar da ita narkakke ba lokacin da take hucewa, abu mai kauri kuwa in ba a yi masa haka ba dole ya yi kogo a ciki. Su sun saba da tukunya mai siririn jiki.

Gaskiya dai ya sake zubawa bai karɓi kuɗin aiki ba, wannan na yaba masa, ina tsaye aka narka aka kwashe dattin sama aka zuba, ta fito lafiya lau. Yanzu injin yana aiki, adda da wuƙaƙen mahauta duk da shi nake fitar da baki, bel yana zaune a tsakiya ko motsi ba ya yi.

Amma kuɗin tana sau biyu wa ya biya? Ni. Bel ɗin da ya tsage, kun san ba a samunsa a ko ina sai an yi oda, shi ma ni. Fistin na biyu ni na sake saye. Kuma jiya ina canza boris na lura ɗaya daga cikin ƙananan ma tana da ƙananan ramuka a ciki, daga zubin farko take, ke nan ita ma an yi mata haɗin. Ban koma ba tukuna don raina bai huce ba, in na je yanzu zan faɗa wa dattijo maganar da ba ta dace ba. Ƙananan dai na yanke shawara guntun sandar alminiyam zan saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a yanka min kawai.