Shagon da ya buga min fostar bincikena a Samaru

Saura kwana uku taron da zan gabatar da bincikena kan wuta-wuta, ciyawar nan da ke manne wa saiwar wake tana kashe shi, na ɗauki kwamfutata na nufi wani shagon buga takardu a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Masu taron girman A0 suka nema, santimita 84.1 a faɗi, 118.9 a tsaye. A PowerPoint na tsara fostar, kuma a ganina ba abin da ya rage sai bugu.

Yaron da ke kan kwamfuta yana buɗewa ya ce, "Malama, wannan shafin ai na majigi ne. In muka ja shi ya kai A0, hotunanki fashewa za su yi." Ya ƙara girman hoton saiwar wake a gabana, sai ga shi dishi-dishi, tsiron wuta-wutar da ke manne da ita ko ganinsa ba a yi. Ashe wanda aka turo min ta WhatsApp na saka, shi kuwa matse hoto yake yi. Sai da na kira abokin aikina ya aiko da na asali ta imel.

Abin da ya fi burge ni shi ne haruffa masu ƙugiya. Da ya kwashe aikin zuwa manhajar zane ta CorelDRAW, duk ƙ da ɗ da ke cikin sunayen ƙauyukan da na ɗebo ƙasa suka koma ƴan akwatuna. Shi ya lura kafin ni. Ya sa na gyara girman shafin a tawa kwamfutar, na adana shi a PDF, haruffan suka zauna daram. Ya kuma ce in rage rubutu, kada girman haruffan jikin bayani ya gaza lamba 24, don a tsaye ake karanta fosta, daga nesa. Na ji zafin yanke sakin layi biyu, amma jadawalin sakamakona ya samu wurin sakewa.

Kafin ya saki babban inji, sai da ya buga min ɗan yanki na gwaji. Koren da ke haske a allo ya fito da duhu a takarda, muka sassauta shi. Na zaɓi takarda marar sheƙi maimakon ledar da ake buga tallace-tallace a kai (banner), duk da takardar ta fi tsada, saboda leda ƙyalli take yi a ƙarƙashin fitilun zaure.

Inda suka ɓata min rai alkawari ne. Bayan Azahar aka ce in dawo, ban karɓa ba sai bayan Isha'i, wai an ɗauke wuta kuma janareto ba ya ɗaukar injin. Ba su da kwalin da ake zura fosta a ciki, da roba kawai aka ɗaure min ita, gefe guda ya lanƙwashe a mota. Zan koma wurinsu, amma da kwalina a hannu, kuma ana saura mako guda.