Shirin Siyasar Dare a Rediyo: Tsakanin Suka da Zagi

Wata uku ke nan ina sauraron shirin siyasa na wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano, galibi a teburin mai shayin unguwarmu bayan sallar isha'i, inda ake jingina ƙaramar rediyo da gwangwanin madara, kowa ya kasa kunne. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda mai gabatarwa yake rarrabe suka da zagi.

Wata rana wani dattijo ya bugo waya yana ƙorafi kan rijiyar burtsatsen da aka ƙaddamar da kiɗa da algaita, amma har yau ba ta ba da ko ɗigon ruwa ba. Ya kama sunan kansila, ya ce an ci amanar jama'a, kuma an bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Da harshensa ya karkata zuwa ga mahaifiyar kansilan, sai mai gabatarwa ya tare shi cikin ladabi: "Baba, a yi haƙuri, zancen rijiya muke yi, a janye wannan." Dattijon ya janye, ya ci gaba da zancen ruwansa, ba a katse layin ba. A nan na sara wa shirin.

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi domin zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. A 2020 hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, sai dai a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara. Saboda haka nauyin ya fi komawa wuyan wanda ke riƙe da makirfo.

Inda shirin ya ba ni kunya shi ne ɓangaren sojojin baka, wato masu kare 'yan siyasa da baki, waɗanda ake sa naɗaɗɗiyar muryarsu. Waɗannan sun ƙware a habaici da gugar zana, ba sa kama suna, don haka maganarsu take wucewa ba a taɓa ta ba, alhali duk wanda ke teburin shayi ya san wanda ake nufi idan aka taɓo asalin mutum ko lalurar jikinsa. Tun da naɗaɗɗiyar murya ce, tace ta ya fi sauƙi a kan tare mai bugo waya kai tsaye, kuma ban ga dalilin da za a sa dattijo ya janye kalma ɗaya a bar ɗan korar ɗan siyasa ya ci mutunci na minti uku ba. Abin takaici, daidai wannan ɓangaren mai shayinmu yake ƙure murya, ni kuwa a lokacin nake biyan kuɗin shayina in kama hanyar gida.