Bitar aikin motocin zuƙe masai a birnin Kano

Birnin Kano ba shi da babban bututun da ke tattara bahaya daga gidaje ya kai shi wurin tacewa guda, irin wanda ake da shi a wasu gundumomin Abuja inda dattin ke gangarawa zuwa matatar Wupa. Kowane gida da masansa ko sokawensa, kuma idan ramin ya cika, magidanci zai kira ko dai masu yasa da bokiti da shebur, ko kuma motar tanki mai injin zuƙa. Na yi hulɗa da masu motocin a gidanmu da kuma banɗakunan masallacin unguwarmu, kuma a ganina aikinsu a cikin gida abin yabo ne, matsalar tana farawa ne daga lokacin da motar ta bar ƙofar gida.

Ta fuskar tsafta da sauri, motar ta fi yasar hannu nesa ba kusa ba. Ana ɗaga murfin ramin, a zura tiyo, a tayar da inji, kafin wani lokaci mai tsawo an gama, ba tare da an ratsa tsakar gida da bokitai suna ɗiga ba, kuma ba tare da wani bawan Allah ya shiga ramin da iskarsa kaɗai ke iya sumar da mutum ba. Ma'aikatan da suka zo mana sun wanke wurin da tiyon ya bi, sun zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai dai babu mai safar hannu ko takunkumi a cikinsu, wanda hakan sakaci ne na masu motar, tun da lafiyar yaran tana wuyansu.

Wajen ciniki akwai buƙatar lura, domin ana biya ne bisa sahu, kuma injin ruwa-ruwan sama yake fara ja. A tsohon masai da ya shekara ba a taɓa shi ba, abin da ke ƙasa ya daskare, ga leda da tsummoki da ke toshe tiyo, don haka sai an zuba ruwa an dama kafin ya zuƙu. Wanda bai tsaya ya leƙa ramin ba kafin a rufe, yana iya biyan kuɗin sahu cikakke alhali rabin dattin yana nan, ramin kuma ya sake cika cikin 'yan watanni. Haka nan gidajen da ke cikin lungunan Badala ko Fagge, inda tsawon tiyo ba ya kaiwa daga bakin titi, har yanzu masu bokiti ne gatansu.

Babban abin da ya dame ni shi ne inda ake juye abin da aka kwasa. Da na tambayi direban, amsarsa ita ce bayan gari, kuma babu wata takarda da ke nuna wurin da aka keɓe ko hukumar da ta amince da shi. Bayan gari a Kano ta yau unguwannin mutane ne da gonaki da kududdufai. Wasu manoma suna karɓar dattin a matsayin taki, abin da ba laifi ba ne idan an shanya shi ya daɗe har ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki suka mutu, amma ɗanye haɗari ne ga manomi da mai cin amfanin. Abin da aka zubar a fili kuwa, ruwan damina ne ke wanke shi zuwa kwatoci da rafuka, alhali kogin Jakara ya riga ya ɗauki ruwan dattin cikin gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, har zuwa dam ɗin Wasai, kuma da wannan ruwan ake ban ruwan latas da kabeji da alayyahu a gefensa. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna tare da Bauchi da Jigawa. Garin da ya ga wannan bai kamata ya bar makomar tanki cike da bahaya ga zaɓin direba ba.

Ga mai sokawe da mota ke iya isa gare shi, ina ba da shawarar ya kira motar, amma ya yi hakan kafin damina ta kankama, lokacin da ruwan ƙasa bai taso ya cika ramin ba. Ya daidaita da su cewa sai an kai ƙasan ramin za a biya, ya tambayi sunan wurin da za su juye, kuma idan akwai rijiya a gidan, ya duba ko bangon ramin ya tsage kafin a mayar da murfi, domin tazarar mita 30 da masana lafiya ke so a bari tsakanin masai da rijiya da wuya a same ta a gidajen cikin gari.